Shaidar Mai Gyaran Takalmi

Sun ce in zo gidan rediyo in ba da shaida
a kan Ajidan Mantau, tunda ya sauka daga kujera.
Na ce ni ban zauna a lakwal ba,
amma shekara talatin da ɗaya ina karatun tafin takalminsa
a gindin bedi, bakin tashar Madarunfa.

Na fari da ya kawo mini, takalmin soja ne,
ƙafar hagu ta wage baki kamar tarwaɗa a tudu.
Na zazzage, yashi ya zubo,
ba irin namu na Gulbi ba, wani fari sol mai kaifi.
Ya ce, na Dirku ne, riƙe in kana so.
Na ɗura a kwalbar turare. Tana nan cikin akwatina.

Wata shekara ya dawo daga gabas, daga bakin ruwa,
da takalma ƙafa huɗu.
Biyu nasa.
Biyun lamba arba'in ne, shi kuwa arba'in da uku yake sawa.
Ban tambaya ba.
Na ɗinke harshen, na shafa mai har suka ɗau ido,
ya kai wa wata tsohuwa a Jiratawa.
Ranar bai taya ba, bai kuma tsaya karɓar canji ba.

Tun daga nan dunduniyar dama ke riga ta hagu cinyewa.
Likita ya san sunan ƙarfen da ya kwana a cinyarsa,
ni abin da na sani, roba biyu nake ƙara wa gefe guda.

Da ya ci zaɓen majalisar jiha
na ce shi ke nan, na rasa mai ciniki.
Takalmin manya ba ya tsufa,
daga darduma sai mota, daga mota sai darduma.
Wata huɗu, sai ga shi da sau-ciki a leda,
taɓo har wuya, ƙarangiya ta kama igiya.
Ya ce, Gabi na je, rijiya ta rufta,
mota ta ƙi yashi, na ƙarasa da ƙafa.

A takarda za su rubuta rijiya tara
da ɗakin haihuwa mai rufin kwano.
Ni tafi goma sha huɗu na ƙirga,
duk daga tayar babbar mota na yanko su.

Kada ku ce na zo wanke shi.
Gadar da ya yi wa mutanen ƙetaren fadama alkawari
har gobe babu ko tubali,
in damina ta yi nisa a ka ake ƙetarar da mara lafiya.
Wani manomi ya tare shi nan gabana,
ya wanke shi tas, ba sabulu.
Yana tsaye, ƙafa ɗaya bisa akwatina,
babban yatsa na leƙowa ta hujin safa.
Bai ce uffan ba.
Sai da mutumin ya sha kwana ya ce mini,
gaskiya ya faɗa,
na ɗaga hannu ranar da ya kamata in bar shi a aljihu.

Kuma ina bin sa dala ɗari da hamsin tun bara waccan.
Wannan ma a rubuta.

Shekaranjiya bayan la'asar ya zo,
babu direba, babu mai riƙe jaka,
ya miƙo sau-cikin nan, fatar duk ta yi tamoji.
Ya ce, sabon tafi, mai kauri.
Na ce, Ajidan, ai ka huta, silifa ta ishe ka zuwa masallaci.
Ina kuma za ka?

Ya ce, maganar gadar nan.
Da a ciki nake zaune, ana shigo mini da takarda,
yanzu ni zan bi layi a waje.

Na jawo taya, na wasa wuƙa a dutse.
Ku gaya wa masu rediyo ba zan samu zuwa ba,
Litinin da safe yake son su.